Yadda Ake Shirya Lissafin Excel Ya Fita Daidai A Kowace Firinta

Shekara uku ke nan ina riƙe wa Alhaji lissafin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Duk motar da ta sauka daga Aliero ko Sakkwato sai na shigar da ita cikin Excel: ranar zuwa, sunan mai kaya, yawan buhu, kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, la'ada, sai ragowar da za a tura gida. Alhaji kuwa bai yarda da abin da ke cikin allon kwamfuta ba. In wata ya ƙare takarda yake so a hannu, ya sa tabarau ya bi ta layi-layi da ɗan yatsa.

Wata Asabar na tura fayil ɗin ta WhatsApp zuwa wani shagon buga takardu a Ketu, na ce a buga kafin in iso. A laftof ɗina shafi huɗu ne cif. Da na je sai aka miƙo mini tara. Layin ragowar kuɗi, wanda saboda shi ake lissafin baki ɗaya, ya balle ya koma wasu shafuka shi kaɗai ba suna a gefensa. Akwai farar takarda guda da na biya kuɗinta ba komai a kai. Gidan jimla kuma ya cika da alamar ####. Alhaji ya juya takardar ya ce, "Kai yaro, wannan shingen fa? Kuɗin mutane ka killace?" Na ce, "Alhaji, aikin na'ura ne." Ya ce, "Ai ba na'ura nake biya ba."

Na koma shagon da faɗa a bakina, sai matar da ke shagon ta buɗe fayil ɗin a gabana, na ga ko harafi ɗaya ba ta taɓa ba. Haka kwamfutarta ta nuna shi. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne fayil ɗin Excel ba hoto ba ne da zai je ko'ina yadda yake. Kowace kwamfuta da ta buɗe shi sabon zane take yi, da irin haruffan da take da su, da girman takardar da ta sani, da firintar da aka haɗa mata. Ga yadda nake shirya nawa yanzu. Layukan A, B, C zan kira su layin tsaye, masu lamba 1, 2, 3 layin kwance, inda suka haɗu kuma gida. Sunayen maɓallai na bar su yadda za ka gan su a allo.

Mataki na farko: takarda

A Najeriya A4 muke amfani da ita, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. A Amurka tasu ita ce Letter, faɗinta kusan 216, tsawonta 279. Wato ta fi tamu faɗi da milimita shida, ta gaza mata tsawo da kusan 18. Yawancinmu kuwa kwamfutoci tokumbo muke saye a Computer Village ta Ikeja, kuma ko an sake zuba musu Windows, sau da yawa mai zubawar a kan tsarin Amurka yake barin su don ya gama da wuri. Sai ka shirya jadawalinka ya cika faɗin Letter daf-da-daf ba ka sani ba, in ya je kan A4 milimita shidan nan su ne ke tunkuɗe layin ƙarshe waje. Ta tsawo kuma bambancin ya kai layi uku a kowane shafi, shi ya sa inda shafi ke yankewa yake sauyawa.

Ka shiga Page Layout, ka danna Size, ka zaɓi A4. Wannan zaɓi na shafin lissafi (Sheet) da kake kai ne kawai. In fayil ɗin yana da Janairu, Fabrairu, Maris a ƙasa, ka danna dama a kan sunan ɗaya ka zaɓi Select All Sheets kafin ka sa A4, sannan ka raba su nan take da Ungroup Sheets. Wanda ya manta bai raba ba, duk abin da ya rubuta a Janairu zai shiga gida ɗaya a dukan watannin, ya danne abin da ke ciki. Na taɓa ɗanɗana wannan, ba na so in sake.

Excel yana tambayar firintar da aka sa a matsayin ta dindindin kafin ya yanke shafuka, domin kowace firinta tana da ɗan gefen da ba ta iya kaiwa. In ba ka da firinta a gida, ka sa Microsoft Print to PDF ta zama ta dindindin, ka tabbatar ita ma a kan A4 take.

Mataki na biyu: salon harafi

Nan ne tushen matsalar, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa.

Excel ba da santimita yake auna faɗin layin tsaye ba. Da lambar sifili yake aunawa. In ka ga faɗi 8.43, ma'anarsa sifili takwas da ɗoriya za su shiga, a salon harafin da fayil ɗin ya ɗauka a matsayin na asali. Kamar awo da taƙi ne: ka ce wa tela taƙi takwas, amma hannunsa ba naka ba ne. In kwamfutar da ta buɗe fayil ba ta da wannan harafin, za ta aro wani ta sa a gurbinsa, sifilin ya ƙara ƙiba ko ya rame, layukan tsaye duka su motsa. Ɗigo ɗaya a layi ɗaya ba komai ba ne, amma in aka tara na layi tara ko goma sha biyu sai ya isa ya ture na ƙarshe.

Harafin asalin kuwa ya sha sauyawa. Excel 2003 da Arial mai girma 10 yake farawa. Daga Excel 2007 aka koma Calibri 11. Daga 2023 Microsoft ta fara maye gurbinsa da Aptos, shi ya sa sabon fayil a Microsoft 365 yake buɗewa da Aptos Narrow. Kalmar Narrow ɗin nan tana nufin siriri, to ka ga abin da zai faru in fayil ɗin ya faɗa hannun Excel 2010 ko 2016 da ke shagon unguwa, wanda bai taɓa jin sunan Aptos ba: harafin da zai aro ya fi shi faɗi, lambobi su kasa shiga gidajensu. A sauran manhajojin lissafi irin Excel kuma, LibreOffice Calc da Liberation Sans 10 yake farawa, Google Sheets da Arial 10. Kuma Excel ba ya cusa harafi cikin fayil ya tafi da shi kamar yadda Word ke iya yi.

Ni Arial nake zaɓa. Ba don kyau ba, don kusan babu kwamfutar Windows da ba ta da shi, kuma Liberation Sans an ƙera shi ne da faɗin haruffa daidai da na Arial, ko a LibreOffice aka buɗe ba ya motsi sosai. Calibri ma yana da irin wannan ɗan'uwa mai suna Carlito, amma ba kowace na'ura ke da shi ba.

Sai dai ga inda ake kuskure. Ka zaɓi dukan gidaje da Ctrl da A ka mayar da su Arial, wannan ya sauya rubutun da ido ke gani, amma taƙin awon yana nan yadda yake. Don ka sauya shi, ka shiga Home, ka buɗe Cell Styles, ka danna dama a kan Normal, ka zaɓi Modify, sannan Format, sannan Font, ka sa Arial 10. Za ka ga har lambobi da haruffan gefen allo sun sauya kama, alamar ya kama ke nan. Ka yi wannan kafin ka fara gyara faɗin layuka, domin yana motsa su duka. In ka riga ka gyara, sai ka sake bi.

Mai rubuta sunaye da haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ko mai sa alamar ₦, ya duba su da kyau a fitowar gwaji. Wasu tsofaffin salon harafi ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon ko ta sa ɗan akwati. In na san fayil zai yi yawo, ba na sa ₦ a kowane gida. A kan layin nake rubuta "Naira" sau ɗaya, lambobin su tsaya su kaɗai, ga sauƙin wuri.

Mataki na uku: ka bar rata

In ka danna sau biyu a iyakar layin tsaye, Excel zai matse shi daidai da rubutu mafi tsawo. Daidai a kwamfutarka ke nan. Ko girman nuni na Windows, wanda wasu ke sa wa 100, wasu 125 ko 150, yana iya sauya awon da ɗigo ɗaya ko biyu. Rubutu in ya yi wa gida yawa sai ya tsallaka maƙwabci ko ya yanke, amma lamba da kwanan wata ba sa yarda a yanke su, sai su koma shingen nan na Alhaji. Kuɗin ba su ɓata ba, wuri ne bai ishe su ba.

Saboda haka bayan matsewar, ka danna dama a kan harafin layin, ka zaɓi Column Width, ka ƙara 2 a kan abin da ka gani. Gidan jimla ka fi duba, don shi ne ya fi yawan lambobi, kuma shi aka fi yi wa kauri. In ba a lissafa kwabo a harkarku, ka cire sifili biyun ƙarshe. 12,450,000 ya fi 12,450,000.00 sauƙin shiga da gurbi uku.

Haɗe gidaje da Merge & Center yana da kyau a ido, amma gidan da aka haɗe ba ya ƙara tsawo da kansa in rubutu ya naɗo layi biyu, sai rabin maganar ya ɓuya a wata kwamfutar. Don kan takarda, ka zaɓi gidajen, ka danna Ctrl da 1, ka shiga Alignment, a ƙarƙashin Horizontal ka ɗauki Center Across Selection. Kamanni ɗaya, ba tare da haɗewa ba.

Mataki na huɗu: ka gaya masa abin da zai buga

Danna Ctrl da End. Zai kai ka gidan ƙarshe da Excel ke ganin an yi amfani da shi. Farar takardar nan da na biya kuɗinta, da na bincika, wani ɗan tazara ne da hannuna ya buga a can ƙasa, ido ba ya ganinsa amma firinta ta ƙirga shi. Ka zaɓi jadawalinka daga gidan farko zuwa na ƙarshe, ka shiga Page Layout, Print Area, Set Print Area. Abin da ke waje ba zai fita ba. Ka dai tuna in ka ƙara motoci a ƙasa wata mai zuwa, sai ka faɗaɗa wurin, in ba haka ba sababbin ba za su fito ba, kuma wannan ya fi farar takarda muni.

A nan Page Layout ɗin akwai Width da Height. Ka sa Width ya zama shafi 1, ka bar Height a Automatic. Wannan shi ne babban maganin ballewar layin ƙarshe, domin duk kwamfutar da ta buɗe za ta rage girman da kanta har faɗin ya shiga. Kada ka sa Height ma ya zama 1 sai in jadawalin gajere ne. Layi ɗari biyu a shafi guda, ko da tabarau biyu Alhaji ba zai karanta ba. Ka dubi lambar da ta bayyana a Scale. In ta sauka ƙasa da 70, a ganina rubutun ya yi ƙanana, gara ka kwantar da takardar ta Orientation, Landscape, ko ka ɓoye layin da ba a bukata a bugun.

Gefen takarda kuma kada ka matse shi ƙasa da santimita ɗaya. Firintar wani za ta kai, ta wani za ta gutsure. Wani abin lura: in ka kwafi gidaje ka liƙa a sabon fayil, A4 da gefe da wurin bugawa ba sa biyo su. In kana so su biyo, ka danna dama a sunan shafin ka yi Move or Copy.

Saura abu biyu ƙanana. A Print Titles, inda aka rubuta Rows to repeat at top, ka zaɓi layin da ke ɗauke da kanun lissafi, don kowane shafi ya fito da su. A ƙasan takarda kuma ka sa lambar shafi ta Header/Footer, saboda takardu a kasuwa iska na ɗaukar su. Siraran layukan da kake gani a allo ba sa fita a bugu sai an ce su fita, gara ka zana naka da Borders.

Daga nan ka shiga View, Page Break Preview, ka ga shuɗayen layukan da ke nuna inda kowane shafi zai yanke. In jimla ta faɗa shafin ƙarshe ita kaɗai, ka gyara tun yanzu.

Mataki na biyar: abin da ke sauya ma'ana, ba kamanni kaɗai ba

Kwanan wata ya fi komai haɗari. Ka rubuta 03/04/2025 kana nufin 3 ga Afrilu. Kwamfutar da ke kan tsarin Amurka wata take fara nunawa, sai ta buga 4/3/2025, mai karantawa a nan ya ɗauka 4 ga Maris ne. A harkar bashi wata guda ke nan ya shiga tsakani. Ka zaɓi layin, Ctrl da 1, Custom, ka rubuta dd-mmm-yyyy. Zai fito 03-Apr-2025, ba mai musu.

Lambar asusun banki guda goma ce, da yawa da sifili suke farawa, lambobin waya ma haka. Excel yana cinye sifilin gaba in ya ɗauke su lambar lissafi. Ka mayar da layin Text kafin ka fara rubutawa. Kuma kada ka ajiye irin wannan fayil a matsayin CSV, domin shi ba ya riƙe faɗi ko harafi ko komai na tsari, in aka sake buɗe shi a Excel sifilin ma tafiya yake.

Sababbin dabarun lissafi su ma ba sa tafiya baya. XLOOKUP yana aiki a Excel 2021 da Microsoft 365, amma 2016 da 2019 ba su san shi ba, da zarar fayil ya sake lissafi sai gidan ya koma #NAME?. Ka shiga File, Info, Check for Issues, Check Compatibility, zai lissafo maka abin da tsohon Excel ba zai gane ba. Hanya mafi sauƙi in bugawa kawai za a yi: ka yi kwafin fayil ɗin, ka kwafi jadawalin ka liƙa shi a wurinsa da Paste Values, lambobi su tsaya ƙyam.

Wajen ajiyewa ka tsaya a kan .xlsx, wanda ya zo da Excel 2007. Tsohon .xls layin kwance 65,536 yake ɗauka da na tsaye 256, sabon kuwa 1,048,576 da 16,384, kuma launuka da wasu ƙa'idojin ado suna sauyawa in aka mayar da fayil tsohon tsari. In ka ga Compatibility Mode a saman allo, tsoho ne a hannunka, File, Info, Convert zai sabunta shi.

In ba Excel ba ne a ɗaya ɓangaren

Yaran Alhaji da ke Arewa a waya suke buɗe fayil da WPS Office, su gyara buhu ɗaya ko biyu su mayar mini. Duk fayil ɗin da ya je ya dawo, sai na sake duba A4 da wurin bugawa da Width, ba na ɗauka suna nan. A LibreOffice waɗannan abubuwa suna ƙarƙashin Format: Page Style na girman takarda da ragewa, Print Ranges na wurin bugawa da layin da zai maimaitu. Google Sheets kuma a allon bugawa yake tambayar komai, nan za ka zaɓi A4 da Fit to width, kanun lissafi kuma sai ka daskarar da layin da Freeze kafin ka ce ya maimaita shi.

Mataki na ƙarshe: PDF

In wanda za ka tura wa ba gyara zai yi ba, bugawa ko karantawa kawai, to babu dalilin ba shi Excel. PDF yana tafiya da haruffansa da yankan shafukansa, abin da ka gani shi za a gani a Ketu ko Agege ko Kano. Amma sai ka gama matakan baya, domin PDF ba ya gyara ɓarna, daskarar da ita yake yi.

Danna Ctrl da P ka dubi yawan shafuka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan File, Save As, ka zaɓi PDF. Shafin da kake kai kaɗai zai fitar, in kana son dukan watannin ka shiga Options ka zaɓi Entire workbook. Ka buɗe PDF ɗin a wayarka ka sake dubawa, wannan ya zama gwaji a na'ura ta biyu ke nan kyauta. A WhatsApp ka tura shi ta Document. Hoton allo kada ma ka fara, matse shi ake yi, 3 da 8 su zama abu ɗaya a takarda.

A shagon, ka ce a bar takarda a A4, girma a Actual size, a buga shafin farko kaɗai tukuna. Ka dubi layin ƙarshe na dama ko ya fito, ka dubi ƙasan shafin ko an gutsure, ka nemi suna mai ƙ ko ɗ ka gani. In ya yi, a saki sauran, ka duba jimla a shafin ƙarshe kafin ka biya. Kafin ka fita kuma ka roƙi mai shagon ta goge fayil ɗin daga kwamfutarta da wayarta a gabanka, tunda sunayen mutane da lambobin asusunsu ne a ciki.